Tambaya da Amsa: Gary Valenciano, Mawaƙin Filifin da Ya Haura Shekara 40 Yana Waƙa da Ciwon Sukari

Tambayoyin da suka iso wannan fili a wannan karon sun taru ne a kan mutum ɗaya, wato mawaƙin ƙasar Filifin Gary Valenciano, saboda haka muka haɗa su wuri guda domin amsar wata ta cike giɓin wata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga dukkan ma'aikatan wannan mujalla mai farin jini, ina daga cikin masu kallon shirin nan mai dogon zango na ƙasar Filifin da ake kira Brothers, wanda ke ba da labarin wani ɗan sanda. Na ji an ce wani mai suna Gary Valenciano ne ya rera waƙar taken shirin. Don Allah ina so a ba ni tarihinsa. Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, mun gode da gaisuwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Sunan shirin a can gida FPJ's Ang Probinsyano, tashar ABS-CBN ce ta shirya shi, jarumi Coco Martin ne ya ja ragamarsa, kuma an yi ta nuna shi daga watan Satumba na 2015 har zuwa watan Agusta na 2022, kamfanin StarTimes kuma shi ne ya kawo shi ƙasashen Afirka. Waƙar da aka fi danganta shirin da ita, "Wag Ka Nang Umiyak", da muryar Gary Valenciano aka san ta a cikinsa, sai dai ba shi ya rubuta ta ba. Ebe Dancel na ƙungiyar mawaƙa ta Sugarfree ne ya rubuta ta, shi kuma Gary ya sake rera ta.

Cikakken sunansa Edgardo Jose Santiago Valenciano, an haife shi a birnin Manila ranar 6 ga Agusta, 1964, kuma shi ne na shida a cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa, Vicente Valenciano, mutumin yankin Bicol ne na ƙasar Filifin, mahaifiyarsa kuwa, Grimilda Santiago, asalinta 'yar tsibirin Puerto Rico ce da ke tekun Karebiyan, kuma mawaƙiya ce. Duk da nisan da ke tsakanin ƙasashen iyayen nasa biyu, tarihinsu ya haɗu a wuri ɗaya, domin dukkansu Sifaniya ce ta mulke su ɗaruruwan shekaru, sannan a 1898 ta miƙa su ga Amurka. Wannan tarihi ne ya sa za ka ji sunayen mutanen Filifin da dama suna kama da na Sifaniyawa, ya kuma sa mawaƙansu ke rera waƙa da Turanci da harshen Tagalog ba tare da ganin wani baƙon abu a ciki ba.

Ya yi karatu a makarantar La Salle Green Hills, inda ya shiga ƙungiyar mawaƙan ɗalibai mai suna Kundirana, wadda ta yaye mawaƙa da dama da suka yi suna daga baya, ciki har da Ogie Alcasid. A 1983 ya fara waƙa a matsayin mai cin gashin kansa, kuma a watan Afrilun 1984, yana da shekara 19 kacal, ya yi babban bikin waƙarsa na farko shi kaɗai a zauren Araneta Coliseum da ke birnin Quezon. Masu bibiyar dambe za su gane wannan zaure, domin a cikinsa ne Muhammad Ali da Joe Frazier suka yi karonsu na uku a watan Oktoban 1975. Yaron da bai cika shekara 20 ba ya tsaya a irin wannan wuri, a lokacin da ƙasar ke cikin rikicin siyasa da matsin tattalin arziki bayan kisan jagoran adawa Benigno Aquino a watan Agustan 1983, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa tun daga farko shi ne rawa. Mawaƙan ƙasar da yawa a wancan zamani waƙoƙin soyayya masu sanyi suke yi, su tsaya gaban makirufo su rera, shi kuwa sai ya zo yana waƙa yana rawa mai tsanani lokaci guda, na tsawon sa'o'i, ba tare da muryar ta sarƙe ba. Daga nan aka laƙaba masa sunan Mr. Pure Energy saboda kuzarinsa, wasu kuma suka riƙa kwatanta shi da Michael Jackson. An daɗe ana gwada shi da Martin Nievera, wanda suka tashi a zamani ɗaya, magoya baya suka rabu gida biyu, amma su biyun abokai ne kuma sun yi manyan bukukuwan waƙa tare.

Akwai wani abu na gwamnati da ya taimaki mawaƙan zamaninsa, wanda ya cancanci a ambata. A 1987, shekara guda bayan faɗuwar gwamnatin Ferdinand Marcos, Shugaba Corazon Aquino ta sa hannu a kan wani umarni da ya wajabta wa gidajen rediyo masu sa kiɗa su sa aƙalla waƙoƙin gida huɗu a cikin kowace sa'a. A ƙasar da waƙoƙin Amurka suka mamaye rediyo, wannan ya buɗe wa waƙar gida, wadda suke kira OPM a taƙaice, hanyar isa kunnen jama'a, kuma shekarun da suka biyo baya su ne Gary ya kafu sosai. Ya fitar da kundin waƙoƙi fiye da 30, ya lashe kyautar mawaƙan ƙasar mai suna Awit ta gwarzon mawaƙi namiji fiye da sau goma, kuma a 1998 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya naɗa shi jakadansa na farko a ƙasar Filifin.

Game da iyali, ya auri Angeli Pangilinan a 1984, kuma ita ce ta riƙe harkar kasuwancin waƙarsa ta hannun kamfaninsu na Manila Genesis. 'Yar'uwar Sanata Francis Pangilinan ce, mijin fitacciyar jaruma kuma mawaƙiya Sharon Cuneta. Suna da 'ya'ya uku, Paolo da Gabriel da Kiana, kuma dukkansu sun shiga harkar: Paolo yana ba da umarni a manyan bukukuwan waƙa, Gabriel ya yi suna a rawa da kiɗa, Kiana kuma mawaƙiya ce.

TAMBAYA: Salam. Shin wannan mawaƙi yana rubuta waƙoƙinsa da kansa ne ko rubuta masa ake yi? Kuma gaskiya ne cewa ɗan fim ne? Wane addini yake bi? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Malama, duka biyun yana yi. Daga cikin waƙoƙin da ya rubuta da kansa akwai "Di Bale Na Lang" da "Take Me Out of the Dark", sannan akwai "Sana Maulit Muli", wadda suka rubuta tare da matarsa, waƙar da ta karɓu har aka sa wa wani fim na 1995 sunanta, wanda Lea Salonga da Aga Muhlach suka fito a ciki. Amma wani babban kaso na waƙoƙin da aka san shi da su wasu ne suka rubuta, musamman waƙoƙin taken finafinai da shirye-shiryen talabijin, waɗanda ake yawan kiransa ya rera saboda muryarsa tana ɗaukar waƙar lallashi da ban haƙuri.

Akwai wata waƙa tasa da nake ganin ta fi sauran bayyana matsayinsa a wurin mutanen ƙasarsa, wato "Babalik Ka Rin", wadda ke magana da ɗan ƙasar da ya tafi neman abinci a Saudiyya ko Japan ko Hong Kong, tana tabbatar masa cewa komai daɗewa zai koma gida. Miliyoyin 'yan Filifin ne ke aiki a ƙasashen waje, kuma duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya leƙa asibiti ko otal a Saudiyya, da wuya bai ci karo da su ba. Waɗannan mutane su ne ke cika zaure idan Gary ya je wasa a Amurka ko ƙasashen Larabawa, kuma kuɗin da suke aikawa gida na daga cikin ginshiƙan tattalin arzikin ƙasar.

Batun fim kuwa, ya fito a finafinai tun farkon tashensa. Akwai Hotshots na 1984, da wani fim na 1988 da shahararren darakta Lino Brocka ya ba da umarni, inda Gary ya yi wasa kuma ya rera waƙar taken, waƙar da ke gaya wa wanda ke cikin ƙunci kada ya zaci Ubangiji ya manta da shi. Ya fito tare da Sharon Cuneta a Kaputol ng Isang Awit a 1991, sannan a Hataw Na na 1995 tare da Dayanara Torres, 'yar Puerto Rico da ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 1993, kuma a 2012 ya fito a fim ɗin waƙa mai suna I Do Bidoo Bidoo. A ganina, duk da haka, wasan fim bai taɓa zama babban aikinsa ba, kuma wanda ya auna shi da finafinansa kaɗai zai raina shi ba bisa adalci ba. Gwanintarsa tana kan dandamali ne, gaban jama'a, inda babu damar a tsayar da kyamara a sake ɗauka. A talabijin ma an fi saninsa da shirin kiɗa na ranar Lahadi mai suna ASAP, da kuma alƙalanci a gasannin waƙa irin su The X Factor Philippines na 2012.

Kirista ne. Mafi yawan mutanen Filifin mabiya ɗariƙar Katolika ne, Musulmi kuma sun fi yawa a kudanci, a tsibirin Mindanao da tsibiran Sulu. Shi Gary ya koma ɗaya daga cikin majami'un bishara tun a tsakiyar shekarun 1980, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba, domin waƙoƙinsa na addini suna da yawa kuma yana sa su a cikin bukukuwansa tare da na soyayya da na rawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗa mai shekara 12 da likitoci suka ce yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya, kuma sai da allura zai rayu. Tun daga lokacin hankalina ya tashi, har na hana shi buga ƙwallo. Wata maƙwabciyata ta ce ta karanta cewa wannan mawaƙi na Filifin yana da irin ciwon tun yana yaro, amma yana rawa har ya tsufa. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, ta yaya ya yi? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba yaronki lafiya, Ya kuma kwantar miki da hankali. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. An gano Gary Valenciano yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya tun yana da shekara 14, wato kafin ya fara waƙa a bainar jama'a, saboda haka duk abin da muka faɗa a sama, daga bikin Araneta na 1984 zuwa yau, da ciwon a jikinsa ya yi shi, kuma da allurar insulin kowace rana, wato sinadarin da ke daidaita sukarin da ke cikin jini.

Ya kamata mu fara rarrabe nau'o'in biyu, domin mutane suna cakuɗa su. Nau'i na biyu, wanda ya fi yawa kuma ya fi kama manya, jiki yana samar da insulin amma ba ya amfani da shi yadda ya kamata, saboda haka sau da yawa ana fara kula da shi da gyaran abinci da motsa jiki da ƙwayoyi. Nau'i na ɗaya kuwa, irin na ɗanki da na wannan mawaƙi, garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin halittar da ke samar da insulin a wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ba shan zaƙi ne ya jawo shi ba, ba kuma sakacin iyaye ba ne. Da yake jikin ya daina samar da insulin, dole a riƙa shigar da shi daga waje har ƙarshen rayuwa. Kafin Frederick Banting da Charles Best su yi nasarar fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, a kuma fara yi wa maras lafiya allurarsa a 1922, yaran da ke da wannan ciwo ba sa daɗewa a duniya. Ina jaddada wannan ne saboda za a zo miki da shawarwarin saiwoyi da ganyayyaki iri-iri, ana cewa suna warkarwa gaba ɗaya, kuma hatsari mafi girma ga yaro mai wannan nau'i shi ne a dakatar da allurarsa domin a gwada wani abu. Kwanaki kaɗan ba tare da insulin ba suna iya jefa shi cikin doguwar suma.

To, ta yaya mutum mai wannan ciwo yake rawar sa'o'i biyu ko uku? Motsa jiki mai ƙarfi yana ƙona sukarin da ke cikin jini, kuma idan ya haɗu da insulin ɗin da aka riga aka yi allura, sukarin yana iya yin ƙasa fiye da kima. Alamomin hakan sun haɗa da rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri da rikicewar tunani, kuma idan ba a ba mutum wani abu mai zaƙi da gaggawa ba yana iya suma. Wannan shi ne abin da mai irin sana'ar Gary ke fuskanta duk daren da zai hau dandamali, kuma shi da matarsa sun sha ba da labarin lokutan da sukarinsa ya faɗi har ya shiga hatsari. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai wannan ciwo da ke son yin aikin ƙarfi sai ya auna sukarinsa kafin ya fara da kuma bayan ya gama, ya san abin da ya ci da lokacin da ya ci shi, ya daidaita allurarsa bisa shawarar likita, ya ajiye abin zaƙi kusa da shi, sannan na kusa da shi su san alamomin da abin da za su yi. Kuzarin da ake yi wa Gary kirari da shi a kan wannan tsari na yau da kullum yake tsaye, tsarin da ya bi fiye da shekara 45, kuma a wurina wannan ya fi dukkan kyaututtukansa nauyi.

Sai dai ba zan ɓoye miki ɗaya ɓangaren ba. Ciwon sukari idan ya daɗe yana taɓa jijiyoyin jini, ta nan ne yake shafar zuciya da ƙoda da idanu da ƙafafu. A watan Mayun 2018 an yi wa Gary tiyatar zuciya bayan an gano wata babbar jijiyar zuciyarsa ta kusa toshewa gaba ɗaya, aka yi wa jini sabuwar hanya. Makonni kaɗan bayan haka aka gano ciwon daji a ƙodarsa, aka sake yi masa wata tiyatar aka cire ƙarin. Ya warke ya koma waƙa, amma abin lura shi ne an gano matsalolin biyu da wuri ne saboda yana zuwa gwaji, kuma yana da halin zuwa asibitin da ke da kayan aiki.

Wannan batu na hali ba abin da za a tsallake ba ne. Gary mutum ne mai kuɗi, da likitoci a kusa, da matar da ta tsaya a kan lafiyarsa, kuma ba kowane gida ne ke da wannan ba. Shi kansa ya san haka, shi ya sa gidauniyar da suka kafa da matarsa, Shining Light Foundation, take taimaka wa masu ciwon sukari marasa ƙarfi da kuma ɗalibai. A wurinmu tsadar insulin da tsinken gwaji da matsalar wutar lantarki ta ajiye maganin a firji duk ƙalubale ne na gaske, domin zafi mai tsanani yana rage ƙarfin insulin. Ki tambayi likitan yaron yadda za ki adana shi idan babu wuta, ki kuma tambaya ko akwai wani shirin tallafi ga yara masu wannan ciwo a asibitin koyarwa mafi kusa da ke.

Game da ƙwallo, shawarata ita ce kada ki yanke hukunci ke kaɗai cikin tsoro. Likitoci ba sa hana yara masu wannan ciwo motsa jiki, hasali ma suna ƙarfafa shi, matuƙar an koya wa yaron da iyayensa yadda za su kiyaye faɗuwar sukari. Ki je da shi wurin likitansa, ki faɗi cewa yana son ƙwallo, a tsara muku abin da zai ci kafin wasa da abin da zai riƙe a aljihu, sannan a sanar da malaminsa da abokansa na kusa halin da yake ciki, domin idan suka ga yana rawar jiki ko yana magana a rikice su san abin yi. Yaro mai shekara 12 ya isa ya fara koyon auna sukarinsa da kansa a gabanki.

TAMBAYA: Na ji an ce ya yi ritaya daga waƙa. Haka ne? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Malam, abin da ya jawo wannan magana shi ne jerin bukukuwan da ya yi a watan Afrilun 2024 a zauren Mall of Asia Arena, domin cikarsa shekara 40 a sana'ar, waɗanda aka sa wa suna Pure Energy: One Last Time. Sunan ya sa mutane da yawa suka ɗauka bankwana yake yi, amma ya bayyana cewa manyan bukukuwa masu rawa mai tsanani ne yake shirin ragewa saboda shekaru da lafiya, ba waƙar ce zai bari ba. A watan Disambar shekarar, bayan ya cika shekara 60, ya koma Araneta Coliseum domin wani bikin, sai dai a daren farko an katse wasan kafin a gama, aka kai shi asibiti saboda ƙarancin ruwa a jiki, lamarin da yake da hatsari na musamman ga mai ciwon sukari. Ya samu sauƙi bayan haka, kuma ya ci gaba da waƙa da fitowa a talabijin.

Masu son aiko da tambaya kan tarihin wani mutum ko wata ƙasa suna iya yin haka ta adireshin mujalla, tare da ambaton garin da suke.